Abin da Aka Tarar a Tumbin Ragon Iyatu

A gidanmu na haya da ke bayan layin dogo a Zangon Agege, ɗaki goma sha huɗu ne ke kallon juna, bakwai nan bakwai can, da siririn lungu a tsakiya wanda in masu jiki biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya. Ɗakin ƙarshe, wanda ya fi kusa da tsakar gida, shi ne na Inna Iyatu mai alala. Mu ba ma sayen agogo. Ladan zai kira asuba, a ba shi kamar minti ashirin, sai Iyatu ta karɓa: wane marar tarbiyya ne ya bar guga a ƙasa, wa ya zubar da ruwan wanki a bakin murhunta, kuma wane laifi ta yi da aka haɗa ta zama da mutanen da ba su san ciwon kansu ba.

Da harshe uku take faɗa. In da Hausa ta yi maka, har yanzu tana ganin mutuncinka. In ta juya Yarabanci, ka shige ɗaki ka ja ƙofa, don zagin da ta koya a kasuwar Isale Oja ba ya fita da sabulu. In kuwa ka ji ta koma Turancin buroka ta ce "abeg", ta gaji da kai ne, ta sallame ka.

A nan aka haife ta. Mahaifinta mutumin Garko ne, ya biyo jirgin ƙasa ya zo sarin goro, goron ya tafi Arewa shi bai bi shi ba. Sau biyu ta taɓa zuwa Garko, kuma duk biyun ta dawo tana cewa shirun garin ya sa mata ciwon kai. Ta auri Yari, mai ɗaurin huhun goro, mutum mai sanyi kamar randa. Masu tsokana suna cewa shekara talatin da biyu suka yi tare bai taɓa kai ƙarshen jimla ba. Ya rasu shekara tara ke nan. 'Yarsu ɗaya, Ummukulsum, tana aure a Ikorodu, kuma duk Juma'a sai ta kira uwar ta sha faɗa ta waya, sannan hankalinta ya kwanta cewa tsohuwa na nan lafiya.

Alala ita ce sana'arta tun kafin a yi gadar sama. Ta jiƙa wake, ta surfe, ta kai markaɗe, ta zuba a 'yan fararen ledoji, ta ƙulle. Ƙullin nan abin alfaharinta ne. Sau biyu take zagayo bakin ledar, sannan ta fito da shi ta tsakiya ya yi kunnuwa biyu kamar na zomo. Ta ce a Agege kaf babu mai irinsa, ruwa ba ya shiga, alala ba ta fita. Ko a bola ka tsinci ledar, ka san daga tukunyar wa ta fito. Kullum da safe tana bakin titi inda motocin haya na danfo ke lodin Oshodi, direbobi da kwandastoci suna ci a tsaye suna jefa mata ledar a wani tsohon baho, tana zaginsu suna ƙara saye.

Sana'arta ta biyu kiwo. Kowace shekara, saura wata uku Babbar Sallah, sai ta sayi rago ta ɗaure a turken da ke kusurwar tsakar gida, ta ciyar da shi har ya murje, ta sayar. Rago goma sha bakwai ta yi wa haka. Ɗaya ya tafi jinyar Yari, biyu sun zama gado da kwanukan Ummukulsum, sauran duk mai gida ya cinye su a haya. Ba ta taɓa ganin an kayar da ɗaya da sunanta ba. Ranar Sallah tana zaune a bakin rijiya tana wanke wa maƙwabta kayan ciki, don ita ce gwanar wannan, ragonta kuwa yana soyuwa a wani gida a Ikeja.

Shekarar da nake ba da labari ta ce ya isa. Ta haura sittin, haƙoranta na ƙasa sun fara sallama, kuma ba za ta je gaban Ubangiji a tambaye ta layya ta ce ai ta yi wa mutanen Ikeja ba. Sati biyu bayan waccan Sallar, lokacin da dillalai ke neman kai da ragowar dabbobinsu, ta tafi har kasuwar Alaba Rago ta sayo ɗan Uda, gabansa baƙi bayansa fari. A hanyar dawowa kwandasta ya ce sai an biya wa rago kuɗin mota. Ta biya, ta kuma ce tunda an biya sai ya zauna a kujera. Haka ya zauna, kusa da taga, har Agege. Tun ranar yaran gida suka raɗa masa Oga.

To, ga yadda gidan yake game da shara. Duro ɗaya gare mu, a tsakar gida, taku huɗu daga turken. Komai a cikinsa yake tafiya: ɓawo, toka, kwalba, famfas, kan kifi. Motar shara tana zuwa in ta tuna da mu. In ba ta tuna ba, duro ya cika ya yi tozo, iska ta ɗebi na sama ta watsa, ruwan sama ya kwashi sauran ya cusa a kwata, kwata ta yi fushi ta dawo mana da shi har ƙofar ɗaki. Wannan abin yana ba ni haushi har yau in na tuna, domin manya ne mu, masu sallah biyar, muna tsallake ƙazantarmu da alwala a jikinmu muna cewa laifin gwamnati ne.

An taɓa turo mana wata yarinya daga wata ƙungiya, da buhuna masu launi, ta tara mu ta yi bayani da ladabi: roba nan, gwangwani can, ragowar abinci daban. Iyatu ta saurare ta har ƙarshe, abin da ba ta saba ba, sannan ta ce, "'Yar nan, ƙabilancin da ake yi a garin nan bai isa ba, shara ma sai an raba ta ƙabila-ƙabila?" Aka kwashe da dariya. Buhunan kuwa masu kyau ne, ba a yi asararsu ba. Wasu sun zuba gari, wasu kayan wanki.

Akwai kuma al'adar da kowane gidan haya mai rago ya sani. Duk wanda ya fere doya, ko ya ɓare agada, ko tuwo ya kwana masa, ba ya zubarwa, na rago ne. Ba a cewa komai, amma kowa ya san ranar yanka za a tuna da shi. Da, a kwano ake kaiwa a juye. Da zamani ya zo sai aka koma ƙullewa a leda, a tsaya daga bakin lungu a wurga, "Inna, ga na Oga!" In tana nan ta kwance. In tana bakin titi, Oga ya kwance da kansa. Ita ma in ta dawo da rana a gajiye, nan gefen turken take dire bahonta, ta shiga ta ɗan miƙe kafin la'asar. Ragunan baya wata uku kawai suka yi a wannan hali, aka sayar da su kafin a ga komai. Oga kuwa wata goma sha ɗaya ya yi.

Ya yi kyau, ba a magana. Cikinsa ya fito ta gefe biyu kamar an rataya masa tulu. Mutane daga wasu gidaje suna leƙowa kallo. Ran nan Dije, matar Khamisu mai okada, wadda ɗakinta ke kallon na Iyatu, ta fito da tsintsiya ta tsaya ta ce, "Kai, Inna! Wannan ai ba rago ba ne, sa ne!"

Ba ta ce tubarkalla ba. Wannan mantuwar ita ta ci mana sati uku.

Domin kwana biyu bayan haka, saura sati biyar Sallah, Oga ya shinshina dusa ya kau da kai. Ya daina tuƙa. Cikin yana nan tim, amma cinyoyin suka fara zubewa, ƙashin baya ya fito ana ƙirgawa. Iyatu ba ta nemi wani bayani ba, ta riga ta san mai laifi.

"Sa ne! Sa ne! To ga sa nan, zo ki ɗauka! Mutum ya ga abin mutane bakinsa ba zai iya ambaton Allah ba, sai ka ce an ɗinke!"

"Inna, wallahi ban nufi komai ba."

"Maciji ma bai nufi komai ba, hanya yake wucewa!"

Daga nan aka juya Yarabanci, muka shige ɗakuna. Dije ta yi kuka, Khamisu ya zo ba da haƙuri ya samu rabonsa, har da na babur ɗinsa. Iyatu ta rataya wa Oga laya a wuya. Ta yi masa hayaƙin habbatus sauda har ya yi atishawa. Ta karɓo rubutu ta ɗura masa, ta bi da ruwan kanwa. Ta kewaye turken da tsohon zane don kada ido ya sake sauka a kansa, kuma duk wanda ya wuce sai ya ce tubarkalla da ƙarfi, ko da ban ɗaki za shi. Ledojin ɓawo kuwa ba su fasa sauka ta saman zanen ba, don kowa yana son ya nuna shi ba ya cikin masu baƙin ciki.

Saura kwana goma sha biyu, Boubacar ya shigo gidan. Mahauci ne mutumin Tawa ta Nijar, yana aiki a mayankar Oko-Oba, kuma shi ke yi wa rabin unguwa fiɗa ranar Sallah. Ya zo ne ya ji wa da wa za su neme shi bana. Ya ɗaga zanen, ya tsuguna, ya danna cikin Oga ta hagu da dunƙulen hannu. Da ya ɗauke, gurbin hannun ya zauna kamar a ƙullin fulawa.

"Inna, mi kike ba wanga rago?"

"Abin da uwarka ba ta ba ka ba. Dusa, harawa, kowar wake."

"Bon. Ba baki ba ne. Leda ce cike da cikinai."

"Ragona ba ya cin shara."

"Inna, kullum sai na fasa tumbi ashirin. Na san leda ko cikin duhu. In ta ji mai da gishiri, dabba ba ta bambance ta da abinci. Ta shiga, ba ta narkewa, ba ta fita. Sai ta dunƙule ta tare wuri. Yunwa ce ke kashe shi, da cikinai cike."

Washegari ya zo da wani likitan dabbobi da suka saba a mayanka. Likita ya duba ido, ya duba dasashi, ya ce ana iya tsaga ciki a kwashe a ɗinke, kuma da sati uku da suka wuce ne da ya yi. Yanzu jikin ba zai ɗauka ba. Ko ya ɗauka, ba zai warke kafin Sallah ba.

Ka ce wuta aka zuba wa fetur. Iyatu ta tsaya a tsakiyar lungu, hannu a ƙugu, ta bi ɗakuna goma sha uku ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko na mai jego ba.

"Ƙazamai! 'Yan bola! Kun ga baiwar Allah ta ɗaure dabba, kuka mai da shi kwandon shara! Ke mai kitso, gashin dokin da kike yarwa, ina yake zuwa? Kai mai shayi, ledar madararka fa? Wata goma sha ɗaya kuna jifan sa da guba kuna cewa ga na Oga, kuna jiran nama! Nama? Za ku ci nama!"

Abin da ya fi ciwo shi ne gaskiya take faɗa, kuma a wannan karon da Hausa ta yi shi tun daga farko har ƙarshe.

Da la'asar ta sa mayafi ta je wurin Malam Isah, limamin masallacin layinmu, tsoho mai magana kamar yana tsoron tashin jariri. Ta tambaye shi ko rago marar lafiya yana layya. Ya ce in ciwon ya bayyana, ko ramar ta kai babu ɓargo a ƙashi, ba ya yi. Ta ce to in aka yanka yanzu fa? Ya ce nama ne halal, a ci a gode, amma layya sai bayan an sauko daga idi. Ta ce wato in ta jira yana iya mutuwa ya zama mushe, in ya kai ranar ma ba lallai a karɓa ba, in kuma ta yanka yanzu ta tashi a tutar babu.

"Baiwar Allah, ai Ubangiji yana duba niyya."

"Na sani, Malam. Amma ni so nake in ga jinin a ƙofar ɗakina."

Ta zaɓi jira. Ta daina fita sana'a. Ta dama kunu mai ruwa-ruwa tana ɗura masa da kwalba, ta ba shi man gyaɗa ko abin zai zame ya fita. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, kansa a cinyarta, tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa: shi wane irin sakarai ne, an ba shi kujera a mota, an ba shi harawa daga Arewa, ya rasa abin ci sai leda? Ya daure mana, kwana nawa ya rage? Wasu ranakun yakan miƙe ya yi taku biyu, gida ya ɗauka da murna. Kashegari ya koma.

Saura kwana huɗu, da hantsi, Dije ta fito shanya. Sati huɗu da ɗoriya ke nan ba su gaisa da Iyatu ba. Ta dubi turken, ta ga Oga ya miƙe wuya a ƙasa, idon ya juye, numfashin yana fita da ƙyar. Ta ajiye bokitin ta zo ta durƙusa.

"Inna, ki bari a sa wuƙa."

Iyatu, da ke zaune a gefensa, ta ci gaba da shafa masa wuya.

"Inna, ki zage ni in kin so, amma in ya wuce a hannunki ko fatar ba za ta yi amfani ba. Wahalar wata goma sha ɗaya a ja ta a kai bola?"

Can Iyatu ta sa hannu ta kwance layar daga wuyansa. Dije ba ta jira magana ba, ta ƙwala wa mijinta kira, Khamisu ya tashi babur ko hula bai sa ba. Kafin minti ashirin ya dawo da Boubacar a baya, wuƙa naɗe a tsumma. Malam Isah ya yanka. Jinin ya zuba, ƙafa ta motsa, aka ce alhamdu lillahi, an samu.

Gida kaf ya taru wurin fiɗar, ba don nama ba, don naman bai taka kara ya karya ba. Da Boubacar ya tsaga tumbin, sai ga wani dunƙule ya faɗo ƙasa tim, baƙi-ƙirin, a murɗe kamar gammo, girman kan mutum biyu. Wari ya kori yara. Ya rataya shi a sikelinsa, kilo huɗu da ɗoriya.

"A kai bola," in ji wani.

"Kada wanda ya taɓa," in ji Iyatu.

Ta jawo shi bakin rijiya, ta zuba omo, ta shiga warwarewa da hannunta. Awa biyu tana yi. Duk abin da ta zaro sai ta ɗauraye ta ajiye shi a gefe, iri-iri: baƙar leda nan, ledar fiya wata nan, igiyar buhu nan. Ga gashin kitso, tuli guda. Ga ledojin madara na mai shayi. Ga soson wanka. Ga safa ƙafa ɗaya mai ratsin shuɗi, wadda na yi wata shida ina zargin matata da ɓatarwa. Kowanne ta ɗaga sama sai ta kira sunan mai shi, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar a gaban alƙali. Wato matar da ta ce ba a yi wa shara ƙabilanci, ita ce ta fara raba ta a gidan, kuma ta raba ta da kyau.

Da ta kai tsakiyar dunƙulen, inda ya fi tauri, sai kiran suna ya tsaya. Ledojin wurin ƙanana ne. Zaman ciki ya rina su, ba a gane launinsu, amma kowace da ƙullinta a baki, zagaye biyu da kunnuwa biyu. Ta zaro, ta zaro, ta zaro. Tulinsu ya fi na kowa, ya fi na mutum uku a haɗe. Na bahon nan ne da take direwa a gefen turke kullum da rana, da maiƙonsu da gishirinsu.

Duk muka saci kallon Dije, don in akwai mai haƙƙin magana a ranar, ita ce. Dije ta matso, ta tsuguna, ta ɗauki guga ta zuba mata ruwa a hannu.

"Inna, waɗannan fa, ina za a sa su?"

"Na gani. Ina da ido."

Iyakar abin da aka ce ke nan, kuma har yau ba a ƙara ba.

Da yamma ta raba naman. Ba ta sa ko tsoka ɗaya a leda ba. A faranti ta aika wa kowane ɗaki, kuma a gefen kowane kaso ta ɗora wa mutum kayansa da ta wanke: mai kitso da gashinta, mai shayi da ledarsa, ni da safata. Farantin Dije ne kaɗai ya je babu shara, kuma a kansa hanta take, sukutum, da ƙoda biyu. Wanda ya san Iyatu ya san ba za a taɓa samun ban haƙurin da ya wuce wannan ba.

Mazan gidan muka ji kunya, muka haɗu a ƙofar masallaci muka ce a yi karo-karo a saya mata wani ragon, ko ƙarami ne, ta yi layyarta. Aka tura Malam Isah da Khamisu su faɗa mata. Ba su daɗe ba suka fito, tana biye da su tana faɗa.

"Sadaka na ce muku ina nema? Ragon da ban ciyar ba, ban share wa kashi ba, ban yi wa faɗa ba, a sa masa sunana? Ku riƙe abinku. In kuna son ku biya ni, ga abin da nake so."

Abin da take so kuwa ya fi rago tsada. Duro ya bar tsakar gida ya koma waje, da murfi. Ragowar abinci a kwano, a juye a wani bokiti mai marfi, masu kaji da awaki na layin su zo su ɗauka. Leda kowace iri a cusa a buhu a ɗaure baki, a rataye a ƙusa inda ko akuya mai tsani ba za ta kai ba. Robar ruwa da kwali da ƙarfe a ware wa 'yan gwangwan masu zagayawa da kura. Gwangwanin madara da na tumatir kuwa nata ne, a wanke a kawo mata. Ba ta faɗi dalili ba. Ranar da ta koma bakin titi aka ga dalilin: alala a gwangwani, an shafa mai a ciki, ana juye wa mutum a faranti kamar yadda iyayenmu suke yi. Direbobi suka yi ƙorafi cewa ba ta shiga aljihu. Ta ce aljihunsu ba tumbi ba ne, su zauna su ci kamar 'ya'yan mutane.

In ka bi ɗakunan yau ka tambayi kowa me ya sa yake ware shararsa, ba za ka ji amsa ɗaya ba. Mai shayi zai ce 'yan gwangwan suna ba shi na cefane. Mai gida, wani dattijon Bayarabe da ba ya zuwa sai ƙarshen wata, zai ce kwata ta daina shigowa ɗakuna. Dije ta sayi 'yar akuya, ta ce ta ga gemun maƙwabci ya kama da wuta. Mai kitso ba ta ɓoyewa, ta ce tsoron bakin Inna take. Motar shara dai har yanzu sai ta ga dama, kuma gidan da ke bayanmu har gobe ta katanga suke wurgo tasu, abin da ke sa Iyatu ta hau turmi ta leƙa ta gaishe su da harshe na biyu.

Ranar Sallar kuwa ta yi kwalliya ta je idi da kowa. Da aka sauko, raguna uku aka kayar a gidan, babu nata. Ta tuɓe mayafi, ta ɗaura tsohon zane, ta zauna a bakin rijiya aka tara mata kayan ciki. Kafin ta wanke kowane tumbi sai ta juye shi a ƙasa ta tona da tsinke. Na farko babu komai. Na biyu, ragon Khamisu, ta zaro baƙar leda mai tsawon kamu biyu.

"Khamisu! Daga ina aka kawo wannan?"

"Dillalin ya ce daga Illela, Inna."

"Illela! Har can ma haka suke? Wato daga bakin iyaka har bakin teku babu mai hankali ko ɗaya?"

Malam Isah ya shigo a lokacin, da ƙafar rago a tire, ya ajiye a gabanta. Ya ce kada ta sa damuwa, in sha Allahu an rubuta mata ladan layya cikakke, don ta yi niyya kuma ta yi iyakar ƙoƙarinta.

"Allah ya sa, Malam. Amma niyya ba ta soyuwa."

Ta jawo tiren gabanta duk da haka, ta duba naman sama da ƙasa, ta ce wanda ya yi fiɗar nan ya bar rabin kitsen a jikin fata. Sannan ta miƙa wa Khamisu ledar a kan tsinke, ta ce ya wanke ta ya kai buhu, kuma ya dawo ya ja mata ruwa, tumbi na uku yana jira.